Babin da Ban Buga Ba

Tun da na dawo daga Abuja ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shago, ko takarda ɗaya ya kawo a buga masa, sai ya tsaya ya ji yadda na ga garin. Ranar Asabar kuwa, a zamanmu na marubuta, Malam Isa har cewa ya yi na dawo da girman kai, wai tunda na taka manyan tituna na daina kula talakawa. Ba girman kai ba ne. Maganar ce ba ta faɗuwa a tsaye a bakin shago. Shi ya sa na zauna na buga ta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Waɗanda suka daɗe a zaman sun san marigayi Ɗanladi. Malamin aikin gona ne a wata sakandare a nan Zariya, Gbagyi ne, wato waɗanda mu muke ce wa Gwari, su kuma ba sa son sunan. Kirista ne, amma ya fi shekara goma yana zama a bencin shagona, in an kira salla shi ke tsare mini wurin. Ya rubuta littafi da Hausa a kan dutsen da ke bayan tsohon ƙauyensu, can Abuja, gaba da Dutse Alhaji ta hanyar Bwari: itatuwan wurin, tsuntsayensa, rafin da ke gangarowa, da yadda mutanensu suka zauna da su. Da hannu ya rubuta, a littafin makaranta guda biyu, ya ba ni in buga. Babi tara ne. Takwas na buga.

Na bakwai a kan kurmin da suke binne matattunsu ne. Su ba sa kafa alama, a gindin itace suke sa mutum, kuma tsoho ɗaya ne a ƙauyen ke riƙe da sanin wa ke ƙarƙashin wane itace. Tsohon ya zagaya da Ɗanladi ya nuna masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya rubuta. Sai dai babin ya fara ne da yadda ake zuba burukutu a kan wani dutse, a yanka kaza, a kira kakanni. Na karanta sau ɗaya na ji hannuna ba zai iya ba. Na ce a raina, ni Habu, da furfurata, in zauna in buga tsafi harafi bayan harafi? Na tsallake shi. Na yi niyyar gaya masa, amma lokacin yana kwance a asibiti, kuma bai tashi ba. Muka fitar da littafin don tunawa da shi. Ko lambar babin ban gyara ba, ina cewa wataƙila a bugu na biyu. Rubutun hannun kuma na jefa shi a kwali a bayan shago.

Shekara uku ke nan. A farkon daminar nan ƙanwarsa Laraba ta kira ni.

"Malam, Mama ya ce ka kawo littafin broda," in ji ta, da irin Hausarsu ta can.

Ta ce an ba wani kamfani filin kurmin zai gina gidaje, an ce su kwashe matattunsu kafin Juma'a. Tsohon da ya san wurin ya rasu. Mahaifiyarsu tana son ta ɗauke mijinta, amma ba ta san inda yake ba, domin a ƙauyensu mata ba sa shiga kurmin, mazan da suka binne shi kuma wasu sun mutu, wasu sun watse tun da aka tashe su daga wurin. Abin da take da shi kawai maganar ɗanta, da ya ce mata kada ta damu, komai yana rubuce a Zariya.

Ina ajiye waya na ruga bayan shago. Gara ta riga ni. Bangayen littattafan kawai na tarar, tsakaninsu jar ƙasa. Na zauna a kan kwalin har aka kira azahar. Da Laraba ta sake kira, abin da ya fito daga bakina shi ne ina nan tafe.

Ranar Talata da sassafe na ɗaure kwafi ashirin a wani kwali na nufi tasha. Matata ta tambaye ni me zan je in yi da littafin da babu abin da ake nema a cikinsa. Na daka mata tsawa na ce ta bar ni da abin da ya dame ni. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi fushi.

Ƙaramar bas muka shiga, mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata a bayan direba. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sayar da labule a kasuwar Gudu ta Abuja, tana da jarkar man gyaɗa da ta rantse ta ɗaure bakinta da leda biyu. Har Kaduna mota cike take da hira, ana zagin ramuka ana zagin tsadar mai. Da muka wuce gari muka shiga dajin nan da kowa ya san labarinsa, sai aka yi tsit, ba ka ganin komai sai leɓuna suna motsi. Ni dai ba masu ɗauke mutane nake tsoro ba a ranar. Har na kama kaina ina tunanin da motar za ta lalace a wani gari mai aminci mu kwana uku, da na samu uzuri.

A wani shinge mai kaki ya ce a buɗe kwalin. Da aka sauko da shi sai ga gindinsa sharkaf, man Hajiya ya shiga ya jiƙa kwafi uku. Jami'in ya juya ɗaya, ya ga hoton dutse a bango, ya tambaya ko littafin addini ne. Na ce na itatuwa ne. Ya goge yatsunsa a jikin kwalin ya ce mu tafi. Hajiya ta yi ta ba ni haƙuri, ta ɗauki ɗaya tana shafawa da gefen mayafi, daga shafawa ta koma karatu. A Tafa aka tsaya cin abinci, na sayi shinkafa da wake na kasa kai loma uku, ita kuwa ko sauka ba ta yi ba. Da muka tashi ta juyo wajena.

"Malam, littafin nan ya yi tsalle. Daga shida sai takwas."

Ku ji fa. Shekara uku littafin yana hannunku, ku marubutan Zariya masu tabarau, har sharhi wani ya yi masa na awa guda, babu wanda ya lura sai mai sayar da labule a cikin mota. Na ce mata kuskuren ɗab'i ne. Ta ce kash, domin a ƙarshen na shida ya ce yanzu sai mu shiga kurmi, ita kuma har ta shirya shiga.

A Zuba muka rabu. Wurin nan ba a sallama, ihu ake yi. Kowa oga ne, har mai tura baro ya kira ni oga na kira shi oga. Hausa kuwa kowa yana yinta, Ibo da Bayarabe da wanda ba ka san daga ina ya fito ba, a ce wa mace kai a ce wa namiji ke, kuma ciniki yana tafiya lafiya lau. Na shiga motar Kubwa, aka zaunar da mu biyu a kujerar gaba, kwalina a cinya yana ta ɗigar mini mai a wando.

Wurin Alhaji Sabo na sauka, abokin ƙuruciyata, mai shagon kayan wuta. Ciki da falo yake haya, ruwa sai an saya a baro, kuma shekara shida bai san sunan wanda ke ɗakin da ke jikin nasa ba. Ya ce ba wulaƙanci ba ne, mutanen unguwar tun asuba suke bin layin mota zuwa cikin gari, in sun dawo ba su da sauran bakin gaisuwa. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar shagonsa na kwashe komai na gaya masa. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce a Abuja babu wani kurmi, fili ne kawai da ba a kai ga gina shi ba. Sannan ya ba ni shawara. In buɗe littafin in yi kamar ina karantawa, in nuna kowane itace da ya yi mini kyau. Tsohuwa za ta samu natsuwa, ƙasusuwa ba sa magana, ni kuma in dawo gida da mutuncina.

Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta kwanta mini. Mu nan in muka kai mutum makwancinsa muka yi addu'a, mun bar shi da Ubangijinsa. Ni kaina yau in aka ce in nuna kabarin mahaifina ba zan iya ba, kuma bai taɓa hana ni barci ba. Shi ya sa lokacin da na ga jerin sunaye da itatuwa a babin nan ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ban san akwai mutanen da matattunsu maƙwabtansu ne ba, kowa da ƙofar gidansa.

Laraba ta tare ni da safe a mahaɗar Dutse Alhaji, inda take sayar da doya. Doguwa ce kamar wanta, har yadda take karkata kai in tana saurare. Kafin in yi magana ta sunkuya ta ɗora kwalin a kafaɗa. Matansu haka suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, ka ga mace da tulin itace a bayan wuya tana hawan tudu. Na ce ta kawo in riƙe, ta ce baƙon broda ba ya ɗaukar kaya. Muka hau acaɓa biyu, nawa ya zame a taɓo sau ɗaya, na sauka da hannu.

Inda aka mayar da su layuka ne na gidajen bulo da kwano, duk iri ɗaya, babu itacen da zai yi wa akuya inuwa. A ɗakin da aka sauke ni na tarar da buta cike da ruwa, da sabuwar tabarma an riga an shimfiɗa ta tana kallon gabas. Da aka kawo sakwara da miyar kaza na ɗan tsaya ina kallon naman. Laraba ta gane, ta ce in ci, maƙwabcinsu Musulmi ta kira ya yanka tun da safe saboda ni. A gidan nan ita coci take zuwa, wani ƙanin babansu masallaci, kuma tukunya ɗaya ce.

Sai aka fito da Mama. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ya fara hazo. Ta kama hannuna da hannu biyu tana jujjuya shi, tana taɓa yatsun.

"Kai ne Habu," in ji ta. "Ɗana ya ce kai ba ka yar da ko harafi ɗaya."

Aka buɗe kwalin, ta ɗauki kwafi ɗaya ta riƙe a ƙirji, sannan ta miƙa wa Laraba ta ce ta nemo wurin kurmi. Laraba ta fara buɗe shafi. Ina jin ƙarar takardar, ina ganin yatsanta yana bin lambobi, huɗu, biyar, shida. Na san in na miƙa hannu na ce ta kawo in karanta, shawarar Alhaji Sabo za ta yi aiki. Ban san abin da ya hana ni ba, ina jin tabarmar nan ce. Na ce ta rufe littafin, babin ba ya ciki. Na faɗa musu duka, da dalilina, da kwalin, da gara.

Laraba ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Wa ya ce ka yarda da shi?" in ji ta. "Bugawa aka ce ka yi. Ni ma ban taɓa zuba giya a dutse ba. Amma babana ne a wurin."

Sai Mama ta yi magana da yarensu, Laraba ta fassara mini ba tare da ta dube ni ba. Wai tana tambaya ko na karanta babin. Na ce sau ɗaya. Ta ce to idon da ya karanta yana nan, a ɗauko mata ƙwarya mu tafi.

An kewaye wurin da kwano, ga katafila biyu a tsaye. Shugaban ma'aikatan wani Bakatsine ne mai hular kwano, mutumin kirki, ya gaida Mama har ƙasa ya buɗe mana. Ya ce shi ma ba a son ransa ba, amma Juma'a Juma'a ce. Ta gefen rafi an riga an kayar da kusan rabi, kututture ne a jere. A bakin abin da ya rage Mama ta tsaya ta cire takalmi. Shekarunta duka ba ta taɓa taka wurin ba, ta ce yau babu namijin da zai shiga a madadinta. Laraba ta cire nata. Ni ma na cire.

Ciki da sanyi, ƙasa da laushi, ga ɗorawa da kaɗanya da maje, tsuntsaye suna ta kai da kawo kamar an tashe su daga barci. Abin da zai ba ku mamaki, ban yi minti biyar ba na kai su kan dutsen. Na tuna shi sarai: shimfiɗaɗɗe ne, da rami uku a samansa, a gindin tsamiya. Na tuna da wane hannu ake zuba burukutun, na tuna kazar fara ce, na tuna sau nawa ake kira. Duk abin da na ƙi bugawa yana nan a kaina daram. Sunayen kuwa, da itatuwan, da taku nawa ne daga dutsen zuwa kowanne, babu ko ɗaya. Ashe ranar da na karanta, abin da zan ƙi kawai nake nema.

Laraba ta ce, "To daga nan fa?"

A hannun dama akwai wata ɗorawa mai kyau, mai faɗin inuwa, irin wadda kowace mace za ta so a ce mijinta yana ƙarƙashinta. Wallahi har na ɗaga hannu. Mama ta juya fuskarta tana bin hannun da idon nan nata mai hazo, bakinta ya ɗan buɗe. Na sauke shi.

"Mama, ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi ƙwaryar daga hannun Laraba, ta nufi itacen da ya fi kusa, ta durƙusa ta ɗebi ƙasa cikin tafin hannu ta zuba, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta tashi ta je na gaba. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da masu rai da kututturen, babu wanda ta tsallake. Na tambayi Laraba me take cewa. Da ƙyar ta amsa mini. Wai tana cewa, in kai ne, taso mu tafi gida. In ba kai ba ne, ka yi haƙuri, kai ma ka zo, akwai wuri.

Na fita na yi azahar a gefen katafila tare da Bakatsinen, na dawo na tarar ba ta kai rabi ba. Tun tana tashi da kanta har sai Laraba ta ɗaga ta. Ni ina biye da su da takalma uku a hannu, aikin da na iya ke nan. Sai bayan la'asar ta gama, ƙwarya ta cika. Na roƙe ta in ɗaukar mata, ta ƙi. Laraba ta roƙa, ta ƙi. Ta ɗora abinta a kafaɗa.

Muna fitowa aka fara yayyafi. Ta tsaya tana neman abin da za ta rufe ƙasar kada ta jiƙe. Laraba ta taho da kwafi ɗaya a jaka, cikin waɗanda man Hajiya ya jiƙa, ta ciro ta kifa shi a bakin ƙwaryar. Ruwa yana sauka a kan bangon yana zamewa. Haka muka taka har bakin titi, tsohuwa a gaba da mijinta da maƙwabtansa a kafaɗa, littafin ɗanta ya zama murfi. Amfanin da aikina ya yi musu ke nan.

Laraba ba ta sake yi mini magana ba, ko sallamata ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Sauran littattafan ta ajiye mini su a ƙofar gida. Mama ce ta sa aka ɗaure doya uku manya, ta ce abokin ɗanta ba zai koma hannu sake ba. Na ce ban cancanta ba. Ta yi kamar ba ta jin Hausa.

Alhamis na kamo hanya. Ban san yadda muka wuce dajin ba, ban san ko an tsaya a Tafa ba. Ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci saƙon Laraba ya shigo wayata, kalma biyu: sun gama.

To kun ji Abuja. Tituna suna da faɗi, Malam Isa, haka ne. Doyar nan kuma da kuke gani a bayan injin buga takarda, na kasa kai ta gida, na kasa bayar da ita, har ta fara tsiro. Don Allah kada wanda ya sake tambayata yaushe za a dafa.